Igwar Kara A Cikin Aji: Roƙona Ga Iyayen Yaranmu Kafin A Zauna Taro

Makonni uku ke nan da diraktan makarantarmu ya kira ni ofis, ya ce in tattara 'yan kayan da ni da yaran ajina muke ƙerawa ranar Laraba da yamma, in kulle su a kabad har sai ƙungiyar iyayen yara ta zauna ta yanke hukunci. Kayan nan kuwa ba wasu ba ne illa 'yan bindigogin igwa guda huɗu da muka yi da karan dawa da marfin kwalba, da ganuwar yumɓu mai tsayin ɗani guda, da kwandon tsakuwa da muka shafa wa fenti kala biyu. Wani uba ne ya kai ƙara, ya ce ana koya wa ɗansa yin gumaka da caca da son yaƙi. Ban ji haushinsa ba, don ni ma uba ne, kuma duk abu ukun da ya ambata abin tsoro ne ga Musulmi. Amma ina ganin ya yi kuskure, kuma tunda da yawa daga cikin iyayen da za su zauna taron nan suna karanta wannan shafi, na ga gara in faɗi hujjata a fili, kowa ya auna ta a gidansa cikin natsuwa.

Bari in fara da inda abin ya samo asali. A nan Guéma muna da wani dattijo maƙwabci, mutumin kudu ne, ba Musulmi ba, ya yi aikin gona na gwamnati har ya yi ritaya. Yana cikin samarin da aka tura karatu Tarayyar Sobiyet a zamanin Kérékou, bayan da ƙasar nan ta rungumi aƙidar gurguzu a 1974. Wata rana na shiga gaishe shi, na tarar da shi zaune a baranda da tabarau a kan hanci, yana riƙe da wani abu da bai kai tsawon ɗan yatsa ba, yana shafa masa fenti da buroshi mai baki kamar tsinken sakace. Na ce, "Baba, wasan yara ka koma?" Ya yi dariya ya ce in matso in gani. Ashe igwa ce ta roba, irin wadda sojojin Rasha suka yi yaƙi da ita a 1812 lokacin da Napoleon ya shiga ƙasarsu. Ɗansa da ke Turai ne ke aiko masa da su a kwali.

Na zauna na kalli aikin, kuma aiki ne na haƙuri. Sai ya wanke robar da sabulu don fenti ya kama, ya shafa mata fari ko toka-toka a matsayin shimfiɗa, ya bari ta bushe. Daga nan ya bi katakon amalanken da ke ɗauke da igwar da kore, domin haka sojojin Rasha na wancan zamani suke fentin nasu. Bakin igwar ya ba shi ruwan tagulla, ƙarafan da ke ɗaure da ƙafafu ya yi musu baƙi. A ƙarshe ya tsarma fenti ruwan ƙasa ya goga a ƙafafun, wai don a ga alamar ta bi ta cikin taɓo. Igwa ɗaya takan ci masa yamma uku. Yana aikin yana ba ni labari: wannan irin sunanta da Rashanci yana nufin doki mai ƙaho ɗaya, an ƙirƙiro ta a 1757, kuma an ba ta sunan ne saboda wannan dabba ce tambarin gidan Shuvalov, shugaban rundunar igwa na lokacin. Babbar igwa dawaki shida ke janta, kuma tana buƙatar mutum goma ko fiye kafin ta yi aiki. Na tambaye shi ina ya san duk wannan. Ya ce ai fentin ne ya tilasta masa sani, don ba ka iya shafa launi a kan abin da ba ka san yadda yake ba.

Wannan magana ce ta tsaya mini a rai. Da na bincika sai na ga abin tsohuwar al'ada ce a Turai. A 1824 wani hafsan sojan Prussia mai suna Reisswitz ya gabatar wa shugabanninsa hanyar koyar da dabarun yaƙi a kan taswira, da 'yan gutsattsarin ƙarfe masu launi a madadin runduna, da alƙali a tsakiya mai yanke abin da ya faru. Rundunar ta karɓe ta ta riƙa horar da hafsoshi da ita. A 1913 kuma marubucin nan na Ingila H. G. Wells ya fitar da littafin ƙa'idojin irin wannan wasa don farar hula. Yau akwai dubban mutane a duniya da ke sayen waɗannan 'yan samfura, su yi musu fenti, su jera su a kan tebur, su sake buga yaƙin da aka yi shekara 200 da suka wuce, suna auna tazara da ma'auni.

To ni ina ruwana da Rasha? Ruwana shi ne ajina. Ina koyar da aji shida na firamare, yaran da za su zauna jarrabawar CEP, sun haura sittin a ɗaki ɗaya, Bariba da Dendawa da Fulani da Nago da Hausawa da 'yan kudu. In ka tambaye su wane ne Bio Guéra, za su amsa da murya ɗaya kamar masu karatun allo: jarumi ne da ya yi tsayayya da Faransawa, an kashe shi a 1916. Tambaye su me ya sa ya tashi, ko me ya sa aka ci shi da yaƙi, sai ka ga ido ya raina fata. Kullum suna wuce mutum-mutuminsa a cikin Parakou a bayan zemijan, sun ga hoton babban da aka kafa a Kwatano a 2022, amma Bembèrèkè da ke kimanin kilomita 100 daga nan, inda abin ya faru, a wurinsu daidai take da Masko. Hadda ce kawai, ana gama jarrabawa ta bi iska.

A makarantar horar da malamai ta Djougou an sha nanata mana cewa malami ya ƙera kayan koyarwa da abin da ke kusa da shi. Sai na ce bari in gwada. Kuɗin sayen robar Turai ba mu da shi, kuma ba ma buƙata. Wane yaro ne a Zongo ko Guéma bai iya motar kara ko ta gwangwani ba? Na raba su rukuni-rukuni. Totuwar kara ta zama bakin igwa, marfin kwalbar lemo ya zama ƙafa, sillen kara ya zama amalanke. 'Yan mata suka kwaɓa yumɓu suka gina ganuwa. Abin da na kashe na fenti da gam bai kai sefa 2,000 ba. Na fara da Kano ne saboda labarin a rubuce yake dalla-dalla: ranar 3 ga Fabrairu 1903 rundunar Ingila ƙarƙashin Kanar Morland ta iso bakin ganuwa da 'yan bindigogin igwa da bindigogi masu jigida, kuma a yini guda birnin ya faɗi.

Ga abin da ya faru a ajin, kuma shi ne ginshiƙin hujjata. Na ce musu za mu rage komai sau 72, kamar yadda samfuran Baba suke. Wannan darasin lissafi ne da ke cikin manhajarsu, kuma da can yana ba su wahala. Suka lissafa: mutum mai tsayin mita 1 da santimita 75 zai koma wajen santimita 2 da rabi. Ganuwa mai mita 9 za ta koma santimita 12 da rabi. Na ce to, a ce kibiya ta yi tafiyar mita 70, nawa ke nan a tebur? Suka ce kusan mita ɗaya. Muka ja layi da alli. Na ce igwa fa, a ce kilomita ɗaya kawai take kaiwa, alhali ta fi haka? Suka buga lissafi, ya ba su kusan mita 14. Ajinmu bai kai haka tsawo ba. Dole wani yaro ya ɗauki igwar karan ya fita da ita ta ƙofa har tsakar makaranta, yana jan igiya, sauran suna leƙensa ta taga. Aji ya yi tsit. Can wata yarinya ta ce, "Mushe, ashe mutanen cikin ganuwar ko ganin wanda ke harbinsu ba sa yi sosai?" Wani kuma ya ce, "To me amfanin doki?" Shekara takwas ina koyarwa, ban taɓa samun tambaya irin wannan daga bakin yaro ba. Gani ya kori ji.

Yanzu bari in ɗauki ƙorafin Alhaji ɗaya bayan ɗaya, don ya cancanci amsa.

Na farko, gumaka. Wannan ba ƙaramar magana ba ce, hadisan da suka yi gargaɗi mai tsanani ga masu yin surar abu mai rai suna nan a Bukhari da Muslim, ba mai musunsu. Amma abin da muka karanta a gaban malamanmu na mazhabar Malikiyya shi ne haramcin yana kan surar abu mai rai, mai jiki da inuwa, wadda gaɓoɓinta suka cika. Surar bishiya ko jirgi ko gida babu saɓani a kan halascinta, kuma an ruwaito cewa da wani mai sana'ar zane ya zo wurin Abdullahi ɗan Abbas, ya nuna masa ya koma yin abin da ba shi da rai. Igwa ba ta da rai. Ganuwa ba ta da rai. Malamai kuma sun keɓe 'yar tsanar yara daga hanin, saboda Nana A'isha, Allah Ya yarda da ita, tana da kayan wasa a ɗakin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi. Duk da wannan sassauci, ni ban bari an yi mutum ko doki ko ɗaya ba. Tsakuwa ja ita ce sojan Turawa, shuɗiya ita ce mai kare gari, ƙwallon dabino shi ne mahayi. Shi ya sa ban ɗauko sojojin robar Baba na kawo aji ba, ko da ya yi mini tayi. Duk mai shakka ya zo a buɗe masa kabad ya duba da idonsa.

Na biyu, caca. Nan ma Alhaji yana da inda ya dafa. Turawan da ke wannan wasa galibi da ƙwayar lido suke yanke wanda harbinsa ya samu, kuma duk wanda ya sauke Risala a zaure ya san ta hana wasan ƙwaya, ta haɗa har da darar Turawa ta shaɗaranji. Ba zan zo in yi wa littafin da na durƙusa na karanta kwaskwarima ba. Abin da zan ce shi ne a teburinmu babu ƙwaya, babu kuɗi, babu wanda ya ci ko aka cinye. Yara kan kawo shawara: mu fito da mahaya ta ƙofar yamma, ko mu jira dare. Sai su kawo dalili, sauran su yi musu, ni kuma in yanke bisa tazarar da muka auna da abin da tarihi ya tabbatar. Su kansu Jamusawan sun bi wannan hanya, domin a 1876 wani hafsansu mai suna Verdy du Vernois ya ba da shawarar a rage dogaro da ƙwaya da tarin ƙa'idoji, a bar wa gogaggen alƙali hukunci. Muna farawa bayan azahar, muna tashi kafin la'asar. In wannan caca ce, to taswirar da ke rataye a bangon aji ma caca ce. Fatawa dai ta malamai ce, ni ba mufti ba ne, kuma zan yi murna in limamin unguwa ya zo ya zauna da mu Laraba ɗaya kafin ya faɗi ra'ayinsa.

Na uku shi ne wanda ya fi nauyi, kuma shi ne ya hana ni barci: son yaƙi. Ba a Turai muke ba, inda yaƙin Napoleon ya zama labarin kakanni. Tun ƙarshen 2021 'yan bindiga ke kai hare-hare a Alibori da Atacora. Ranar 17 ga Afrilu 2025 sojojinmu 54 aka kashe a yankin gandun dajin W, kamar yadda gwamnati da kanta ta tabbatar. Akwai yara a cikin garin nan da iyayensu suka baro ƙauyukansu saboda tsoro. Kuma mu Musulmi masu jin Hausa da Fulatanci mun san irin kallon da wasu ke yi mana a shingayen hanya tun da abin nan ya fara. Uban da ya ji an ce ɗansa na ƙera bindiga a makaranta, dole gabansa ya faɗi. Alhaji ya ce mini, "Malam, ɗana nake so ya zama likita, kai kuma kana sa masa igwa a hannu." Na fahimce shi sarai.

Amma Alhaji, da girmamawa, igwar ta riga ni isa hannun ɗanka. Tana cikin wayar yayansa. Ku leƙa inda samari ke taruwa da dare ku ga wasannin harbi da suke bugawa, inda mutum ke mutuwa ya tashi bayan daƙiƙa biyar ya ci gaba. Ku duba bidiyoyin da ke yawo a WhatsApp da TikTok, na masu rawani a kan babura da na sojojin haya, kowanne da kiɗa ko waƙe a bayansa. A can yaro ke koyon cewa yaƙi daɗi ne. A teburinmu kuwa, duk tsakuwar da aka ɗauke ba ta dawowa. Na sa doka cewa wanda ya ɗauke tsakuwa sai ya faɗi wa ta bari a gida, uwa ko mata ko 'ya'ya. Ranar da muka yi Kano, da aka gama, kwanon tsakuwa shuɗiya ya cika, na ja kuwa 'yan ƙwarori ne a ciki. Babu yaron da ya yi tafi. Da na ba su labarin Borodino, yaƙin da igwar Baba ta fito daga cikinsa, na gaya musu ranar 7 ga Satumba 1812 an jera igwa sama da 1,000 a fili ɗaya, kuma kafin rana ta faɗi kimanin mutum 70,000 sun mutu ko sun jikkata, har da shugaban rundunar igwar Rasha, Kutaisov, saurayin da bai kai shekara 30 ba. Na ce su ƙiyasta makarantu nawa irin tamu za a tara kafin a kai wannan adadi. Yaron da ya yi wannan lissafi da hannunsa, in wani ya zo gobe yana yi masa romon baka a kan ɗaukar makami, yana da abin da zai auna maganar da shi. Shi kansa Wells da ya rubuta ƙa'idojin wasan mai ƙin yaƙi ne, kuma shekara ɗaya bayan littafinsa Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke ya nuna wa kowa abin da yake tsoro.

Wani abokin aiki ya yi mini zolaya wai ina yi wa Rasha talla, tunda yanzu tutarta na yawo a ƙasashen maƙwabta. Na ce masa igwar Rasha da ke rugurguza garuruwan Ukraine tun 2022 jikar waccan ce ta 1812, kuma uwar da aka kashe wa ɗa ba ta tambayar launin amalanke. Abin da na ɗauko daga Rashawa guda ɗaya ne, kuma shi ne abin da ya kamata ya ba mu kunya: sun adana tarihinsu. A birnin Saint Petersburg akwai gidan tarihi sukutum na igwa. A fadar Kremlin har yau ga wata ƙatuwar igwa da aka zuba a 1586, mai nauyin kusan tan 39, a ajiye. Shi ya sa dattijo a Guéma zai iya sanin launin katakon da aka yi amfani da shi shekara 200 baya a wata ƙasa mai ƙanƙara. Mu fa? Da yarana suka ce za su gina sansanin Bio Guéra, suka tambaye ni wane irin sirdi mahayansa ke hawa, wane irin kwari da baka suke riƙewa, littafin aji bai ce komai ba. Na tura su gida su tambayi kakanni, na ce su buɗe ido in lokacin Gaani ya zo a Nikki su kalli kayan dawaki. Wata yarinya Bariba ta dawo da labarin da kakarta ta ji daga tata kakar, na yadda ake kama samari a kai su yaƙin Turawa, da haraji, da aikin tilas. Waɗannan su ne dalilan da suka tayar da Borgou a 1916, su ne kuma suka tayar da Kaba da mutanensa a duwatsun Atacora har zuwa 1917. Ba daga bakina suka fara ji ba, daga gida suka kawo.

Akwai kuma abin da ya shafe mu mu Hausawa kai tsaye, wanda ba a cika faɗa a zaure ba. Lokacin da Kanar Dodds ya tasar wa Sarki Behanzin a 1892, har ya shiga Abomey a watan Nuwamba na wannan shekara, a cikin rundunarsa akwai sojojin da Faransawa ke kira 'yan bindigar Hausawa. Behanzin kuwa yana da bindigogin zamani da 'yan igwa ƙirar Krupp da ya saya daga 'yan kasuwar Jamus, amma hakan bai cece shi ba. A Najeriya ma rundunar da ta fasa Kano da Sakkwato a 1903, ta bi Sarkin Musulmi Attahiru har Burmi, mafi yawan sojojinta baƙaƙe ne, da Hausawa da yawa a ciki. Wato in muka jera tsakuwa a tebur, kakanninmu na cikin shuɗiya, suna kuma cikin ja. Ɗan Bahaushe da ke zaune benci ɗaya da ɗan Fon gara ya ji wannan daga bakin malaminsa cikin natsuwa, tare da bayanin yadda bauta da talauci da neman mafaka suka tura mutane aikin soja, da ya ji shi a matsayin gori ranar da aka yi faɗa a filin ƙwallo.

Kuma kada a ɗauka teburin na yaƙi ne kaɗai. Abin da muka shirya yi kafin a kulle kabad shi ne ayarin fatake. Hanyar goro daga Kano zuwa Gwanja ta nan ta bi, ta Nikki da Parakou da Djougou har Salaga, kuma ita ce ta kawo kakannin da yawa daga cikinmu, ita ta haifi unguwannin zango da muke zaune ciki. Na so yara su shimfiɗa hanyar da yashi, su naɗa madugu da jagaba da uban dawaki a tsakaninsu, su lissafa kwana nawa, guzuri nawa, kuɗin fito nawa za a biya a kowane gari, su ga me ya sa fatake ke tafiya da yawa ba ɗaiɗai ba. Yaron da ya yi wannan ba zai yarda wani ya ce masa shi baƙo ne da ya zo jiya ba, kuma zai san cewa da izinin sarakunan ƙasa da zaman amana kakanninsa suka sauka.

Ban ce aikin ba shi da aibi ba. Yana cin lokaci, kuma CEP ba ta jira, shi ya sa na ajiye shi a yammar Laraba da babu darasi. Na kuma yi kuskure guda da na yarda da shi: ban sanar da iyaye tun farko ba. Da na aika takarda ko na bi gida-gida na yi bayani, da Alhaji bai fara jin labarin daga bakin yaro ɗan shekara 11 da ya shiga gida yana cewa "mun ƙera bindiga" ba. Wannan laifina ne, kuma na ba shi haƙuri a gaban dirakta. Haka nan malamin da bai san tarihin ba, ko mai neman cusa wa yara ƙiyayyar wata ƙabila ko wani addini, zai iya ɓata wannan hanya kamar yadda zai ɓata kowace. Maganin wannan shi ne ƙofar aji ta zauna a buɗe, iyaye su riƙa leƙowa.

Don haka ga roƙona ga taron. A bar mu mu ci gaba bisa sharuɗɗan da kowa zai iya dubawa: babu surar mutum ko dabba, babu ƙwaya, babu kuɗi, ba a shiga lokacin salla, kuma kowane yaƙi da aka jera sai an biyo shi da darasin zaman lafiya ko na kasuwanci. Uban da bai gamsu ba yana da ikon cire ɗansa ba tare da an rage masa maki ko ɗaya ba. Ina roƙon dattawanmu na Zongo da na Djougou da suka riƙe labarin ayari su ba mu yamma ɗaya, su zo su zauna yara su yi musu tambaya, tun kafin labarin ya bi su kabari. Maƙera da masu walda da ke zubar da guntayen ƙarfe, da teloli masu ƙyalle, su tuna da mu. Malamai 'yan uwana kuma, a firamare ko a islamiyya, ku gwada ko da darasin ma'auni ne kawai, ku ga yadda aji ke canzawa.

Shekaranjiya ɗan Alhajin ya tsaya bayan an tashi, ya tambaye ni ko ganuwarsu ta tsage a cikin kabad, don ya ji an ce yumɓu in ya bushe ba a yayyafa masa ruwa ba yana fashewa. Na ce masa ban sani ba, makullin na hannun dirakta. Ya ce in an buɗe, shi zai gyara. Na ce sai abin da Baba ya ce, kuma duk abin da ya yanke, ka bi shi.

Allah Ya shirya mana zuri'a, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasa rayukansu a arewa. Amin.